RUWA KO MUGUNYA A GEFEN HUHUN YARO: YADDA ZA KA GANE SHI DA WURI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

  

Darasin yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta shi har ƙarshe, don magana ce ta ran yara. Hunturu ya shigo, ƙura ta sauka, kusan duk gidan da ka shiga a cikin birni za ka ji yaro yana tari. Mafi yawan tarin nan mura ce, tana yin kwanakinta ta wuce. Amma akwai wanda yake sauka cikin huhu ya zama ciwon haƙarƙari, wanda muke cewa limoniya. A cikin masu limoniyar kuma akwai waɗanda ciwon yake tara wa ruwa ko mugunya a gefen huhu. A kan wannan na ƙarshen za mu yi magana, domin shi ya fi ɓoyuwa ga iyaye, shi ne kuma jinkiri ya fi yi wa illa.

In ba ka riƙe komai a darasin nan ba, to ka riƙe wannan: yaro mai limoniya, an fara masa maganin asibiti, an kwana 2 zuwa 3 zazzaɓi bai sauka ba, numfashi bai lafa ba, ko ka ga ɓari ɗaya na ƙirjinsa ba ya ɗagawa kamar ɗayan, to a mayar da shi asibiti a ɗauki hoton ƙirji. Kar a canja kemis, kar a kawo shi wurina ko wurin wani mai magani irina.

*GIRMAN ABIN*

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2019 kaɗai limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 har 740,180 a duniya, wato kashi 14 cikin 100 na duk yaran da suka rasu a wannan tsakanin shekarun. Hukumar UNICEF kuma ta ce a 2018 Najeriya ce ta fi kowace ƙasa rasa yara ta wannan hanya, kimanin 162,000, har ta wuce Indiya duk da yawan jama'arta. Abin takaicin shi ne ciwo ne da ake warkewa daga gare shi da izinin Allah, in an kama shi da wuri.

*YADDA ƘIRJI YAKE A CIKI*

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga abin da zan faɗa. In ka ciro huhu za ka gan shi a lulluɓe da wani siririn tantani mai santsi da sheƙi. Ka leƙa cikin awazun, shi ma an shimfiɗa masa irin wannan tantanin. Haka ƙirjin ɗan Adam yake. Tantani biyu ne jingine da juna, ɗaya a jikin huhu, ɗaya a jikin haƙarƙari. A tsakaninsu akwai ɗan danshi, a ƙaramin yaro bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Aikinsa shi ne huhu ya riƙa zamewa ba gogayya duk lokacin da aka ja numfashi.

Ita limoniya, ƙwayoyin cuta ne suke shiga cikin huhun kansa, ƙananan jakunkunan iska su cika da ruwa da majina. In kumburin ya kai bakin huhu ya taɓa tantanin nan, sai tantanin ya fara tsattsafo da ruwa cikin wancan ɗan tsakanin. Wurin kuwa ba shi da ƙofa. A fahimci nan da kyau: majinar da ke cikin huhu tari yana fito da ita, amma ruwan da ke tsakanin huhu da haƙarƙari ba shi da hanyar da ta haɗu da maƙogwaro. Ko yaro ya kwana yana tari ba zai fito da shi ba. Babu sirof, babu sirace, babu jiƙon da zai jawo shi ta baki.

Kuma duk abin da ya taru, wurin huhu ya ci. Huhu abu ne mai laushi kamar soso, sai ya matse ya ba ruwan wuri. In ruwan ya yi yawa, har zuciya yakan ture ta ɗaya ɓarin.

Ruwan nan mataki uku yake bi. Da farko tsararo ne, mai launin ruwan ɗorawa. In kaɗan ne, maganin limoniyar ma yakan isa jiki ya tsotse shi. Na biyu, ƙwayoyin cutar su tsallaka cikinsa, ya yi kauri ya zama mugunya, ya fara yin zare-zare yana rarraba wurin ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma. Na uku, in an bar shi ya yi makonni, sai ya daskare ya zama ɓawo mai kauri ya ɗaure huhun ya hana shi buɗewa. A mataki na farko sau da yawa magani ya wadatar, ko a zuƙe da allura. A na biyu sai an sa roba an janye. A na uku kuwa ana iya kaiwa ga tiyata. Abin da ya raba na farko da na ukun ba komai ba ne illa kwanakin da aka ɓata a gida.

*ABIN DA MALAMAI SUKA CE*

Ciwon nan ba sabo ba ne. Littattafan ɗibbu suna kiran ciwon wannan tantani da Zatul Janbi. Na san da yawanku kun ji hadisin Ummu Ƙaisin bintu Mihsan da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya ambaci Udul Hindi, wato Ƙusɗul Hindi, da cewa Zatul Janbi na cikin cututtukan da yake yi wa magani. Hadisi ne ingantacce, ba mai ja. Sai dai mu duba yadda malamai suka fahimce shi.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya yi bayanin wannan a Zadul Ma'ad, a sashen magungunan Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam. Ya raba Zatul Janbi gida biyu. Akwai na haƙiƙa, shi ne kumburi mai zafi a tantanin da ke shimfiɗe cikin haƙarƙari. Akwai kuma wanda ba na haƙiƙa ba, ciwon gefe ne mai kama da shi wanda iska ke haddasawa. Ya lissafa alamomin na haƙiƙa guda 5: zazzaɓi, tari, suka a gefe, ƙuncin numfashi, da bugun jijiya mai kama da haƙoran zarto. Sannan ya bayyana cewa maganin da ya zo a hadisin na kashi na biyun ne, ba na mai zazzaɓin nan ba. Irin waɗannan alamomi kuma su ne Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428 bayan hijira, ya kawo a littafinsa Alƙanun.

To ka gani. Wanda ya ga ɗansa da zazzaɓi da haki da suka a gefe, ya ce shi a Ƙusɗul Hindi zai tsaya don bin sunna, ya yi wa hadisin fahimtar da malamai ba su yi masa ba. Tun kafin su ma, likitan Girka Abuƙraɗ, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya san mugunyar ƙirji sai an buɗe mata hanya. Abin da Allah Ya ƙara mana a yau shi ne hoton da ke nuna inda take, da kayan aiki masu tsabta, da allurar kashe zafi, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

*KA FARA DA ƘIRGA NUMFASHI*

A hunturu mukan nannaɗe yaro mara lafiya da suwaita da hula da bargo, a yi kwana da kwanaki ba wanda ya ga ƙirjinsa. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ka rufe taga, ka ɗage rigar ka duba. Ka bari sai ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba, in yana barci ma ya fi. Ka ɗauko agogon wayarka ka ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti 1 cikakke. Ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. Ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na saurin numfashi:

Jariri ƙasa da wata 2: sau 60 ko fiye.
Daga wata 2 zuwa wata 11: sau 50 ko fiye.
Daga shekara 1 zuwa 5: sau 40 ko fiye.

In ka yi shakka ka sake ƙirgawa. Sannan ka dubi ƙasan haƙarƙari, inda ƙirji ya haɗu da ciki. Yaro mai lafiya in ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. In ka ga wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, to huhun ya yi nauyi, da ƙarfi yake jawo ta. Yaro mai tari da saurin numfashi ko wannan lotsawar, a ranar zai ga ma'aikacin lafiya.

Wani abu kuma: mu a nan kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifot. Yaro yana iya haɗa maleriya da limoniya lokaci guda. Don gwaji ya nuna maleriya, bai nuna ƙirji lafiya yake ba. Ka ce da mai gwajin ya ƙirga numfashin.

*ALAMOMIN RUWA KO MUGUNYA*

1. Zazzaɓin da ya ƙi sauka. Limoniya ta yau da kullum, in an ba da maganin da ya dace, wanda galibi amoksisilin ne, cikin awa 48 zuwa 72 ana ganin sauƙi. Zafi ya ragu, numfashi ya lafa, yaro ya nemi nono ko abinci. In ba a ga haka ba, ko kuma ya yi sauƙi kwana biyu zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, wannan ita ce babbar alama. A yi hattara da farasitamol. Yana saukar da zafi na 'yan awoyi, uwa ta ce alhamdu lillahi jiki ya yi sanyi, da yamma kuma ya hau. Mugunya haka take yi, zazzaɓi yana hawa yana sauka, da dare ga gumi.

2. Ɓari ɗaya ba ya motsi. Ka kwantar da shi rigingine ba riga, ka tsaya ta wajen ƙafafunsa, ka sunkuya har idonka ya yi daidai da ƙirjin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Dama da hagu tare ya kamata su riƙa tashi. In ɗaya yana ɗagawa ɗayan yana kwance ko yana biyowa baya, akwai abin da ya danne shi. Wani lokaci za ka ga ɓarin ya fi ɗayan cika, 'yan ramukan da ke tsakanin haƙarƙari sun shafe.

3. Kwanciya a ɓari guda. Yaro yakan zaɓi kwanciya a kan ɓarin da ke ciwo, don ya danne shi ya rage motsi, ya bar mai lafiyar a sama ya yi aiki. In ka juya shi ya yi kuka ya koma. In yana zaune ko tsaye ka dube shi ta baya, za ka ga ya ɗan karkace wajen ciwon.

4. Suka. Yaron da ya yi wayo zai ce maka ana sukarsa a gefe in ya ja numfashi ko ya yi tari, har ka ga yana danne tarin. Ƙarami ba ya iya faɗa, sai dai ya tsala ihu in an ɗauke shi ta hammata. Wani kuma ciki zai nuna maka, ko kafaɗa, domin tantanin ƙasan huhu yana aika zafinsa can. Kar a yi saurin cewa tsutsar ciki ce.

5. Nishi. Numfashi gajeru-gajeru, kowane ɗaya da ɗan nishi a ƙarshensa, ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa.

6. Sautin ƙirji. Ka san yadda ake ƙwanƙwasa tanki ko jarka a gane inda ruwa ya tsaya: inda babu ruwa ya yi amo, inda ruwa yake ya yi shiru kamar ka bugi bango. Haka likita yake yi wa ƙirji da yatsunsa, dabarar da wani likitan ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya fara rubutawa a 1761. Sannan ya sa abin sauraro ya ji ɓari ɗaya iska na shiga, ɗayan tsit. Kai ma kana iya kara kunnenka a bayan yaron dama da hagu ka kwatanta. In ka ji bambanci ka ƙara sauri. In ba ka ji ba, kar hakan ya zaunar da kai, kunnen da bai saba ba yana kuskure.

7. Ciwo ya ja. Sati 2, sati 3, yaro yana ramewa, ya ƙi abinci, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, zazzaɓi bai rabu da shi ba.

8. Kumburi a jikin ƙirji. In mugunya ta daɗe ta rasa mafita, takan bi tsakanin haƙarƙari ta taso ƙarƙashin fata kamar maruru. Ba maruru ba ne, bakin rijiya ne kawai ka gani. Kar a matse, kar a sa masa komai.

Ba sai alamomin nan sun cika duka ba. Ta farko ita kaɗai ta isa a koma asibiti. In ta haɗu da ɗaya daga cikin sauran, to ka faɗa wa likita da bakinka: ina tsoron ko ruwa ya taru, a duba mana.

A ƙara sa ido a kan jarirai, da yaron da bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko ƙarambau ba, da mai tamowa, da mai sikila, da wanda ba a yi wa rigakafi ba. Waɗannan ciwon ya fi saurin yi musu nisa.

*WAƊANDA BA A JIRA GARI YA WAYE*

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko ƙarfe 2 na dare ne a nemi adaidaita sahu ko motar maƙwabci: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, duk abin da ya sha sai ya amayar, jijjiga, ya yi laushi ba a iya tashinsa daga barci, leɓe ko harshe ya yi shuɗi-shuɗi, nishi da kowane numfashi, kai yana gyaɗawa tare da numfashin. Jariri ƙasa da wata 2 kuwa, zazzaɓi ko sanyin jiki ko saurin numfashi kaɗai ya isa.

*ABIN DA BA ZA A YI BA*

Iyayenmu kakanni, ku yi mini afuwa, na san da kyakkyawar niyya ake yin wasu abubuwan nan, amma gaskiya ɗaya ce.

Kar a yi wa yaro sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, ko hijama a ƙirji. Tsaga da ƙaho fata kawai suke taɓawa, mugunyar tana can bayan ƙashi, sai dai a ƙara wa yaro asarar jini da sabon ciwo. Sakiya kuwa ta fi haɗari. Ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyar jini, kuma in aka huda ƙirji ba bisa ƙa'ida ba iska ce za ta faɗa ciki, huhun ya ƙara matsewa nan take.

Kar a yi ɗura. Yaron da ke haki in aka toshe masa hanci aka ɗura masa jiƙo ko dauri, abin huhu yake wucewa. A ba shi nono da ruwa kaɗan-kaɗan a zaune, in ya kasa sha kuwa, ai mun faɗi hukuncinsa a sama.

Kar a cire belu, wato hakin wuya, da sunan shi ke kawo tarin. A cikin wancan hadisin na Ummu Ƙaisin ne ma aka hana iyaye mata wahalar da yara da danna musu maƙogwaro.

Kar a lulluɓe shi a kan tukunyar ruwan zafi, kar a yi masa hayaƙi. Ga ƙuna, ga ƙarin ƙuncin numfashi.

Kar a ba jariri ƙasa da shekara 1 zuma. Kar kuma a ba ƙaramin yaro sirof ɗin tari mai sa barci, yana ɓoye alamomin da ake so a gani.

Kar a yi ta yawo daga wannan kemis zuwa wancan, yau kafso gobe allura. Maganin da aka sha rabi aka bari yana danne ciwo ne kawai, mugunya tana ci gaba da taruwa a ɓoye. Ko magani mai kyau ne ma, ba ya ratsa tarin mugunya sosai sai an janye ta.

*ABIN DA ZA A YI A ASIBITI*

Mu mutanen Kabara da kewaye ba mu da uzurin nisa. Ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero nan kusa da Gidan Sarki, ga Asibitin Murtala wajen Ƙofar Mata. Akwai Asibitin Yara na Khalifa Isyaku Rabi'u a Titin Gidan Zu, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Titin Zariya. In inda ka fara zuwa suka rubuta maka takarda zuwa wani asibitin, ka wuce kai tsaye, kar ka biya ta gida. Ka tafi da duk kwalabe da kwalayen maganin da yaro ya sha, da katin rigakafinsa, ka faɗi gaskiyar ranar da ciwon ya fara da duk abin da aka ba shi, har na gargajiya.

Za su maƙala masa 'yar na'ura a yatsa su auna iskar da ke jininsa. In ta gaza 90 za a sa masa oksijin. Za a ɗauki hoton ƙirji, inda ruwa yake ya fito fari. Sau da yawa akan ƙara da sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ne yake nuna yawan ruwan da ko ya fara rarrabuwa. Ana iya zuƙo kaɗan da allura a kai gwaji. Za a ba shi gado, a riƙa yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

In mugunya ce, ko ruwan yana da yawa, za su ce sai an sa roba. A nan ne iyaye da yawa suke ja da baya, wasu har su sa hannu su ɗauke yaro. Don Allah kar a yi haka. Ana kashe zafin wurin, a sa siririyar roba ta tsakanin haƙarƙari a ƙasan hammata, a haɗa ta da kwalba mai ruwa a ciki. Ruwan kwalbar shi ke barin mugunya ta fita, ya hana iska komawa. Sau da yawa tun a ranar ake ganin numfashi ya sassauta. Robar takan yi kwanaki, wani lokaci ta haura sati, sannan a zare, ɗan tabo kawai take bari.

Ke mai jinya, abu uku ne naki: kwalbar nan kullum tana ƙasa da ƙirjin yaro, ba a ɗaga ta sama da shi, ba a karkata ta ko a zubar da abin ciki, aikin nas ne, in robar ta zare ko ta cire daga mahaɗinta, a kira nas nan take. In likita ya yarda, yaro ya zauna, ya taka, ya yi wasa, hakan yana taimaka wa huhu ya buɗe.

Maganar da ake yi cewa wanda aka huda wa ƙirji ba ya ƙara yin ƙarfi, ba ta da tushe. Mafi yawan yaran da aka janye wa mugunya a kan lokaci suna warkewa sarai, huhunsu ya koma daidai cikin watanni.

*BAYAN AN SALLAME KU*

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na wannan ciwo yakan ɗauki sati 2 zuwa 4, a shanye shi duka ko yaro ya fara guje-guje. A koma ranar da aka ce a koma. Zazzaɓi ko haki ya dawo, ba a jiran ranar. A nan ne namu yake shigowa: kunun gyaɗa, ƙwai, wake, kifi, madara, zogale, lemo, da ƙaramin cokali na zuma ga wanda ya haura shekara 1 don laushin maƙogwaro. Waɗannan gina jiki suke yi. Duk wani jiƙo kuwa a tambayi likita kafin a haɗa shi da maganinsu.

Akwai kuma tarin fuka, wato tibi, shi ma yana tara ruwa a wannan wuri, musamman ga yaran da suka ɗan tasa. In akwai babba a gidan da ya haura sati 2 yana tari yana ramewa, a faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne. Maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, irin su Asibitin Zana, kuma galibi wata 6 ake sha.

*RIGAKAFI YA FI MAGANI*

Ka ɗauko katin ɗanka yau ka duba. BCG ranar haihuwa. Penta da PCV a sati 6, sati 10 da sati 14. Ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. PCV ita ce ta babbar ƙwayar cutar limoniya, an fara shigar da ita cikin rigakafin yara a Najeriya a Disambar 2014. Penta kuma ta haɗa kariya daga wata ƙwayar limoniyar, da tarin shiƙa, da mashaƙo. Ba mu manta abin da mashaƙo ya yi mana a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ba, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su cika rigakafi ba.

Nonon uwa zalla har wata 6. A rage wa yara hayaƙi: girki da icce da goyo a baya, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, taba, da janareta a tsakar gida kusa da taga. Ɗakunanmu na cikin birni ƙanana ne, mutane da yawa, ko sanyi ake yi a bar wa iska 'yar hanya. A wanke hannu da sabulu.

*KAI MAIGIDA*

Yara da yawa abin da ya cuce su jira ne. Uwa ta ga numfashi ya canja tun hantsi, amma maigida yana kasuwar Kwari ko ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, sai bayan isha'i ya dawo ya ce a bari da safe. Ka ba iyalinka izini tun yau: in kin ga alama kaza da kaza, ki ɗauke shi ki tafi, ki kira ni a hanya. Ka ajiye mata ɗan kuɗin mota da na kati da ba a taɓa su sai don wannan. Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, amma kuɗin hoto a kwana na 3 bai kama ƙafar kuɗin tiyata a sati na 4 ba. Yara amana ce a hannunmu, neman magani a inda yake kuma yana cikin tawakkali. A yi addu'a, a yi tofi, ana yi ana tafiya asibiti.

A karanta wa waɗanda ba sa iya karatu a gida, musamman iyaye mata da kakanni, a kuma tura wa 'yan uwa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da ma'aikatan asibiti da alheri. Allah Shi ne mafi sani.